Bindigar Bahaguwa

Kakata ta zalunce ni, kuma ban yafe ba. Allah ya jiƙanta, ina yi mata addu'a kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, amma wannan magana ɗaya tana nan inda take. Bahaguwa aka haife ni. Ita kuwa ta rantse ba za a ga jikarta tana miƙa wa mutane hannun tsarki ba. In za a ci abinci sai ta ɗaure mini hagun a baya da ɗankwali, in na kwance ta buge ni da muciya a gwiwar hannu. Haka na girma ina ci da dama, ina gaisawa da dama, ina karɓa da dama. Amma hannun nan bai taɓa zama nawa ba, aro ne. In ba kowa a wuri, da hagu nake yanka albasa, da hagu nake riƙe almakashi. Ko rubutun nan da kuke karantawa, da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, sai da muka yi ta da malamar kafin ta bar ni in riƙe fensir yadda Allah ya yi ni.

Abin da ya sa na tono maganar shi ne ranar da na zaɓi bindiga, don saura ƙiris tarbiyyar kakata ta raba ni da gidana.

Lokacin mulkin soja ne, sa'ad da ake sa mutane bin layi da bulala. Mijina ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji. Ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata da ɗan gidan da ya gina mana a Makera, bulo bayan bulo, yana tari yana ginawa. Da na fita takaba sai na mayar da zauren shago. Ina saro ragowar yadi da yankakkun atamfa daga masaƙa ina sayarwa, babbar 'yata kuma tana ɗinki a gefe. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu roƙi kowa ba.

Ɓarayin ba da dare suka zo ba. Ranar Juma'a suka zo da rana tsaka, lokacin da mazan unguwa suka tafi masallaci, maƙwabtanmu Kirista kuma suna wurin aiki. Sun san abin da suke yi. Sallama suka yi kamar masu ciniki, har ɗaya ya ce in buɗe masa wani turmi ya ga zanen. Ina buɗewa na ga bakin ƙaramar bindiga. Suka kwashe kaya zuwa motar da ke jiransu. Da suka zo kan keken ɗinki 'yata ta rungume shi, don ubanta ne ya saya mata. Wani yaro a cikinsu, ko gemun kirki bai yi ba, ya juya gindin bindigar ya maka mata a kunne. Har yau kunnen nan ba ya ji.

Wan mijina, Alhaji, yana zaune a Unguwar Mu'azu, yana sayar da hatsi. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa. Ya zo ya duba yarinyar, ya kai ta asibiti, sannan ya zauna a tabarma ya yanke hukunci. Gidan da ba namiji ba ya zaunuwa. Za a sa 'yan haya, mu kuma mu koma ɗakin da ke bayan gidansa. Har ya yi magana da mai babbar mota a tashar Kakuri, ranar Asabar zai zo ya kwashe mu. Na san abin da wannan ke nufi. In zauna ina jiran a auno mini dawa, in nemi izini kafin in leƙa kasuwa, wasu kuma su kwana a ɗakin da mijina ya ba da ƙirjinsa ya gina.

Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, ba zan tashi ba. Bindiga zan nema."

Ya dube ni kamar na ce zan tashi sama. "Bindiga? Ke?"

"Ni."

Kafin la'asar maganar ta zaga layinmu. Mutum biyu suka ɗauke ta da gaske. Na farko maƙwabcina ne, Baba Saje, tsohon soja daga kudancin Zariya, Kirista, wanda ke gadi a masaƙa kuma yake shugabantar 'yan sintirin unguwa. Yana da doguwar bindiga mai baki ɗaya, da lasisinta. Na biyu wani makaniki ne ɗan Ibo da kowa ke kira Oga, shi ke gyara wa mijina babur. Ya ce ya san wani maƙeri da ke ƙera ƙanana, zai aro ɗaya in gani. Alhaji ya ce zai kai mu a motarsa, wai in gwada in gani da idona in haƙura. Kuma ba zai yiwu matar ƙanensa ta shiga daji da maza ba shi ba.

Ranar Alhamis muka tafi, a cikin a-kori-kurarsa, wani tsohon ramin da ake ɗibar marmara can bayan Sabon Tasha. Damina ce, ciyawa ta yi tsawo, ruwa ya kwanta ja a ƙasan ramin. Baba Saje ya mirgino wani tsohon duro mai tsatsa ya tsayar. Aka shimfiɗa buhu, aka ɗora bindigogin biyu.

Oga ya ɗauki ƙaramar yana juya ta kamar mai tallan agogo. "Madam, wannan naka ne. Ba nauyi. Ka sa cikin zani, ba wanda ya sani."

Na ce, "Oga, ka tsufa a Kaduna, har yanzu kana ce mini kai?"

Ya ce, "Mai riƙe bindiga ai kai ne, Madam."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce in ma dole ne a gwada, to a gwada ƙaramar, don ita ta yi daidai da hannun mace, kuma ba ya so a ce matar ƙanensa ta zama maharbi tana yawo da doguwar bindiga. Ni ma, in faɗi gaskiya, ita idona ya fara so. Irinta aka nuna mini a zaure, kuma na ga yadda ɗan ƙaramin abu ya sa na kasa motsi. Baba Saje yana taunar goro, bai ce a'a ba. Ya ce, "Bari ta gwada."

Ya nuna mini yadda ake tsayawa, ya miƙo mini. Na karɓa da dama, don da me ake karɓar abu daga hannun dattijo? Na yi bisimilla, na auna duron, na ja kunamar. Abin ya yi tsalle a hannuna kamar tarwaɗa. Harsashin ya tafi can gefe ya tayar da jar ƙasa, ƙarfen kuma ya cije ni tsakanin babban yatsa da manuni, jini ya fito. Na ce a sake ɗura ta. Na biyu ya fi na farko muni, don hannun ya riga ya tsorata. Da na waiga, Alhaji yana bayan motarsa a tsugune.

Ya fito yana kaɗe babbar rigarsa. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Amma a hankali ya yi magana, da tausayi. "Kin gani ko, uwar yara? Ba laifinki ba ne. Allah bai yi mace don wannan ba. Mu je gida a wanke miki hannun."

Wallahi na kusa yarda. Ina tsaye ina kallon jinin, ina lissafin inda zan jingina gadon mijina a ɗakin bayan gidan Alhaji. Sai ga wata akuya ta gangaro ramin, ta nufi buhun tana neman jan gefensa. Haushin duniya yana cikina, ba wanda zan sauke wa. Na sunkuya na ɗauki dutse na jefe ta. A cinya ya same ta, ta yi ƙara ta haura da gudu.

Baba Saje ya daina tauna. "'Yata, da wane hannu kika jefi akuyar nan?"

Ku ji ikon Allah. Ni da 'ya budurwa, sai na tsinci kaina na ɓoye hannun a baya kamar yarinyar da aka kama tana satar nama a tukunya.

"Ashe bahaguwa ce ke. Me ya hana ki faɗa?"

Na ce, "Baba, wa ke faɗa?"

Ya girgiza kai. Ya ce a bariki ma haka suke yi wa irina, su tilasta musu dama, su yi ta ɓarnar harsashi ana zaginsu. Ya ce kuma ƙaramar nan da ake ce mini ta mata ce, ita ta fi kowace wuyar riƙewa, don ba ta da nauyin da zai danne ta, duk dukanta a tafin hannu yake ƙarewa. Ya ɗauko doguwar, ya ɗura, ya miƙo ta wajen haguna.

Hannun ya ƙi ɗagawa. Tsoho ne, sa'an ubana, yana miƙo mini abu, kuma wan mijina yana kallo.

Alhaji ya ce, "Haba Saje, da hagu? Abin da za a fara da sunan Allah?"

Baba ya ce, "Alhaji, ɓarayin da suka zo, sun tambayi da wane hannu za a kore su?"

Sai na rusuna na karɓa da daman mai jini, na ce na gode, sannan ni da kaina na mayar da ita hagu. Baba ya yi dariya har goronsa ya faɗo. Ya gyara mini gindinta a kafaɗar hagu, ya ce in kwantar da kuncina a kan katakon, kada in riƙe numfashi kamar mai nutso. Tana da nauyi, amma nauyin ya zauna. Ban san yadda zan faɗa muku ba. Kamar wanda ya daɗe yana tafiya da takalmin wani, aka miƙo masa nasa.

Na ja. Kafaɗata ta ji kamar saniya ta shure ni, kunnuwana suka toshe, amma duron ya yi ƙara ya girgiza. A gefe na same shi. Da aka sake ɗurawa, a ciki na same shi, ya faɗi ya mirgina zuwa bakin ruwan. Oga ya ɗora hannu biyu a ka yana kiran sunan Allah da yarensu.

Na taka na je wurin duron. Na sa yatsuna a ramukan da harsashin ya huda. Ƙarfe ne, amma ya yage kamar takarda. Ban yi murna ba. Yaron nan da ya bugi 'yata na tuna, wuyansa siriri, rigarsa ta yi masa yawa. Wata mace ce ta haife shi, ta goya shi, wataƙila tana can tana zaton aikin kirki yake fita. Na tsane shi, har yau na tsane shi, amma na ga abin da wannan abu zai yi wa ƙirjinsa. A wurin na roƙi Allah kada ya nuna mini ranar da zan auna ta a kan ɗan mutum.

Oga ya ce to in gwada ƙaramar da hagu mana, yanzu da aka gane matsalar. Baba Saje ya ce kada ma in fara. Wannan ba a ba irinmu lasisinta, in sojoji suka kama ni da ita sai kurkuku, sannan wa zai riƙe yaran? Na ji wannan, amma ni dalilina daban ne. Na ce, "Oga, mayar wa mai ita. Bindigar da ke cikin zani ba wanda ke tsoronta sai ya riga ya shigo. Ni so nake daga Makera har kasuwar Kakuri kowa ya san gidan mai atamfa akwai bindiga, da takardar gwamnati, kuma matar ta iya. Ba kisa nake nema ba. So nake labari ya riga su zuwa."

Baba ya ce lasisi ba abin kwana ɗaya ba ne, sai an yi ta zirga-zirga ofishin 'yan sanda, amma zai raka ni ya tsaya mini. Kafin nan kuma, tunda shi ba ya zuwa masallaci, duk Juma'a da rana zai kawo bencinsa ƙofar zaurena ya zauna da bindigarsa.

Muka kama hanyar dawowa. Sai da Alhaji ya tsaya a ƙofar gidana, mutanen suka sauka, sannan ya yi magana, idonsa a kan sitiyari. Ya ce a asibiti ƙanensa ya riƙe masa hannu ya ba shi amanarmu, kuma ba zai tsaya gaban Allah ya ce ya bar mu a gidan da aka fasa da rana ba. Sannan ya ce, "Na ga kin iya, ban musa ba. Amma motar tana nan zuwa Asabar."

Na sauka daga motar. Ba a mayar wa wan miji magana a bakin titi.

Na shiga na tarar da yaran sun ɗaure kwanuka da tukwane a zannuwa kamar yadda Alhaji ya umarce su. Babbar ta kawo ruwan zafi da gishiri ta wanke mini ciwon. Ta ce, "Inna, tashi za mu yi?" Sannan ta juyo mini da kunnen da ke ji tana jira. Na ce ta ƙarasa ɗaurin hannun tukuna.

Da gari ya waye, jiniyar masaƙa tana kiran 'yan aikin safe, na yafa gyalena na bi ayarinsu da ƙafa har tashar Kakuri. Na sami mai babbar motar yana shan shayi a kan benci. Na gaishe shi, na ce shi ne Alhaji mai hatsi ya yi wa maganar kwashe kaya a Makera? Ya ce shi ne.

Na ce, "To Malam, gobe kada ka zo. Ba mai tashi."

Ya ajiye kofin. "Hajiya, Alhajin ya sani?"

Na ce, "Yanzu zai sani."

Na tsallaka titi na shiga bas ɗin Unguwar Mu'azu.