Zanen da Mulikatu Ba Ta Tsoma a Baba Ba

Shekara bakwai ke nan da muka kai Mulikatu makwancinta a nan Madina, amma har yau zanenta na ƙarshe yana ƙasan gadona, fari, bai ga baba ba.

Bayarbiya ce 'yar Abekuta, mijinta ɗalibin jami'a, mu kuwa tun kakanni muke unguwar Harra ta Yamma. Katanga ce ta raba mu. Aikinta adire: ta dama kullun rogo, ta zana shi a kan farin yadi da gashin kaza, ya bushe, ta tsoma a baba. Inda kullu ya taɓa, nan zai fito fari. Rogon da baban duk alhazai ke kawo mata. Da mijinta ya hana ta zana fuskar mutum, ba ta yi musu ba, sai ta koma zana kitso. A wannan zanen, ta raba yadin gida-gida, kowane gida kitson mace ɗaya ce daga zuriyarta: uwarta, kakarta, har can sama. Tana zanawa tana kiran sunayensu, ni kuwa ina tsokanarta wai ta tara mata a tsumma ba ko shayi.

Ba ta kai ga rina shi ba.

Yanzu zafin garin nan yana fasa kullun, kyankyasai sun cinye kusurwa guda. Wallahi tsoro nake ji. In na tsoma, hannuna bai iya ba, kuma in ya ɓaci ba gyara. In na bari, zai zube. Sunayen ma biyu sun ɓace mini. Da tana raye da ta rufe ni da faɗa, ta ce Hausawa sai ajiya.

Jiya 'yarta Sikira ta zo, wadda in ka yi mata Hausa ko Yarbanci sai ta amsa da Larabci. Na shimfiɗa mata zanen. Ta ce datti ne, a ba ta ta wanke. Saura kaɗan in mare ta! Na zaunar da ita na kira mata sunayen da suka rage, har muka zo gidan ƙarshe, wanda babu komai a ciki. Ta tambaye ni na wa ne.

Na ce, "Naki ne. Uwarki ta ce sai ta ga kitson da za ki zaɓa."

Sai ta zame mayafinta, ta zauna a gabana, ta juyo mini ƙeya.