Tafkin da Injuna Suka Shanye

Kano zuwa Hadejia

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, motarmu ta bar tasha. Kawu Bukar, Sarkin Ruwan Kwarin Maje, ƙauyen mahaifiyata, shi ya aiko cewa ran Asabar za a buɗe tafki a yi su, wato kamun kifin gayya. Shinge shida muka wuce, a kowanne sai direba ya miƙa hannu ta taga yana ƙunƙuni. Goma saura muka shiga Hadejia, na karya da koko da ƙosai.

Hadejia zuwa Kwarin Maje

Ɗan acaɓa ya bi da ni hanyar Auyo, minti arba'in, sannan kwalekwale. Mai fito ya dube ni ya ce, "Su za ka, Malam?" Na ce e. Ya ja tsaki, ya tura kwalekwale.

Kwarin Maje

Kakanninmu daga bakin Chadi suka biyo ruwa, suka kafa garin saboda tafkin nan. Dokarsu ɗaya ce: da ambaliya ta janye, Sarkin Ruwa zai kafa sanda, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su. Kifin ranar ake bandawa, shi ke riƙe miyar gari har damina.

Na tarar da jama'a cirko-cirko da homa a hannu, a bakin laka. Laka fa! 'Yan tarwaɗa sun bushe a tsagar ƙasa, balbela na ta shagali. Can ƙetare injunan ban-ruwa na tsotse ɗan abin da ya rage zuwa gonakin shinkafa.

Na ce, "Kawu, waɗanne marasa kunya ne waɗannan? Kana gani ka ƙyale?"

Ya ce, "Ɗana, wata huɗu ina gadin kifi. Na hana raga, na hana ƙugiya. Ruwan kuwa doka ba ta ambace shi ba, don ba wanda ya taɓa zaton za a iya kwashe tafki."

Na ce a nuna mini su in ci mutuncinsu. Ya nuna da haɓa. "Fara da jan injin can, na ƙanenka Sale. Kai ka aiko masa bara."

Na kwana gidan Kawu, tuwon shinkafa da miyar kuka lami.

Komawa

Lahadi da la'asar na iso Kano lafiya, godiya ga Allah, da Kawu da ya rako ni har bakin ruwa. A bakin ruwan ne ya ce in gaya wa mahaifiyata baɗi ba zai kafa sanda ba. Har yau ban iya gaya mata ba.