Baban Firij da Akwatin Bayan Babur

Kowace safiya, kafin mai shara ta iso, Baban Firij ya riga ya buɗe ɗan ɗakin da ke bayan asibitin unguwarmu. Ba ya amsa gaisuwar kowa sai ya duba ma'aunin sanyi. A firijin nan ake ajiye alluran rigakafin yara, shi kuma yake kula da shi, har sunansa na yanka ya ɓace. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Shekarar da majalisar jiha da gwamna suka yi ta ja-in-ja kan kasafin kuɗi, albashi ya tsaya, aka yanke wa asibitin wuta, man janareto ya ƙare. Kowane ɓangare na cewa ɗayan ne ya riƙe. Mu dai ba mu yarda da ko ɗaya ba.

A lokacin ne aka fara ganin Baba yana fita da akwatin sanyi a bayan babur, ya dawo da shi a ɗaure. Nan da nan magana ta tashi. Mai shayin bakin ƙofa ya ce magani yake kai wa masu kemis. Ungozoma ta ce mutumin da ba ya karɓar albashi, ina yake samun na mai? Har matarsa aka yi wa habaici a kasuwa. Ta dawo ta tsare shi, ya ce ta yi haƙuri kawai.

Da abin ya ishi direban asibitin, sai ya bi shi a ɓoye. A masana'antar ƙanƙara ya same shi, rigarsa jagab, yana yi wa mai wurin lodi. Ladan aikin shi ne a daskarar masa da robobin ruwan da yake jerawa cikin firij, a ɗan zuba masa mai a babur. Ko allura ɗaya babu a akwatin.

"Haba Baba, me ya hana ka faɗa?"

"In magana ta kai sama, cewa za a yi a rufe ɗakin kafin kuɗi su fito," in ji shi. "Ka taɓa ganin an rufe an sake buɗewa?"

Har aka sa hannu a kasafin, ba uwar da aka mayar gida da jaririnta ba allura.

Yanzu mun ji wasu 'yan majalisa za su zo da masu hoto su ba shi lambar yabo. Muna nan muna kallo, mu ga ko takardar fanshonsa za ta zo tare da su.

Baba, kai ne ka sha zargi ka haɗiye don 'ya'yanmu. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Wanda zai gaji ɗakin nan, ya gaji halinka. Mu kuma, in za mu yi zargi, mu ɗaga kai sama tukuna.