Dokar Koronar da Na Ƙi Binnewa

Ko na bar tuƙi ba na jin zan manta da ranar da mudir, wato daraktan wasanni na kwalejinmu, ya kira ni ofis, saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya a nan Doha. Ku direbobin da kuka shigo aikin kwanan nan kuna ganin ƙungiyar ƙwallonmu kamar haka ta faɗo daga sama. To, ku gyara zama.

Ni direban bas ne, kuma a kwantiragina an rubuta ɓaro-ɓaro cewa don jigilar ƙungiyar ƙwallo aka ɗauke ni. Idan ƙungiya ta daina hawa bas, kwaleji ba ta da dalilin sabunta min katin zama. Wanda ba shi da kati a ƙasar nan kuwa, kun san jirgin gida ke jiransa.

Korona ta tarwatsa ƙungiyar. Tsofaffin 'yan wasa sun ƙarasa karatu ta kwamfuta sun yi gaba, da aka dawo fili wajen ƙarshen 2021 sai sababbin fuskoki, ba wanda ya san sunan wani. Haka abin yake a kwalejin da muke hamayya da ita, wadda abokin ɗakina Sani ke tuƙa wa bas. Sai dai su 'yan gata ne. An kawo musu koci daga Turai, da riguna masu auna bugun zuciya. Mu kuwa Koci Munir gare mu, wani ɗan Tunisiya mai faɗan tsiya, sai buhun ƙwallaye.

Filinmu an karɓe shi saboda shirye-shiryen gasa, aka kama mana wani a Al Wukair, tafiyar kamar minti arba'in. Umarnin da aka ba mu lokacin shi ne kowane ɗan wasa ya tafi a bas ɗin kwaleji, kowa da kujerarsa, a rubuta suna da lamba, don idan wani ya kamu a san waɗanda suka zauna kusa da shi. Takardar sunayen nan a hannuna aka damƙa ta.

Wanda ya damƙa min bai san shekara tara na yi ina lodi a tashar Funtua ba. A tasha ba ka haɗa ƙattai biyu a layi ɗaya, ba ka ajiye mai kaji kusa da mai farar shadda. Na riga na lura daga bakin fili cewa 'yan Sudan 'yan Sudan suke ba ƙwallo, 'yan Masar kuma 'yan'uwansu suke nema. Jasim kuwa, ɗan ƙasa mai buga gaba, ba ya ba kowa komai, har da gaisuwa. Sai na yi lodi irin nawa. Na dasa gola a tsakiyar masu tsaron bayansa. Na sa Jasim layi ɗaya da Bashir, ɗan Sudan mai buga tsakiya, wanda ko takunkumi bai iya tare bakinsa ba. Duk wanda ya yi ƙorafi sai in ɗaga takarda in ce ba ni ba ne, korona ce.

Mako uku Jasim yana toshe kunne da waƙa. A na huɗu na hango shi ta madubi yana gardama da Bashir har da nuna yatsa. A hanyar dawowa nakan tsaya wani shagon shayi in danna ham a miƙo karak, shayin madararsu mai kauri, in kuma yi kamar ban iya saurin tuƙi ba. Kafin wata biyu ƙwallo ta fara tsallake iyakar ƙasashe.

Cikin 2022 aka sassauta dokoki. Sanarwar ta iso hannuna, na karanta sau biyu, na ninke ta na cusa a aljihun mota. Sani ya riga ya ba ni labarin nasu: ranar da aka sanar, mutum uku suka hau bas, sauran kowa ya zo a motarsa, ya buga, ya kama gabansa. Suka yi ta shan kashi, aka kori koci aka kawo wani, Sani ya koma jigilar robobin ruwa. Na ga abin da ke jirana. Don haka a bas ɗina korona ba ta warke ba. Idan suka ce ai an cire doka ko'ina, sai in girgiza kai cikin jimami in ce ta 'yan wasa daban ce, saboda gumi. Wata bakwai ina wannan tsiya, muna kuma ci, har su Sani mun lallasa.

Mahaifin Jasim ne ya tona min asiri. Ya buga wa mudir waya yana tambayar dalilin da za a tilasta wa ɗansa hawa bas alhali yana da mota. Da na shiga ofis na tarar da Koci Munir zaune a gefe, na sha jinin jikina.

"Hamisu, wace doka ce wannan da ni ban san da ita ba?"

"Ranka ya daɗe, tsohuwar ce. Ban samu zuciyar binne ta ba."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce zai sanar da 'yan wasa cewa babu wata doka, ranar Alhamis mai son hawa ya hau. Idan 'yan ƙungiya goma sha biyu ba su shiga ba, khalas, shi ke nan, bas zai koma wani aiki, ni kuma in tattara nawa-ya-nawa ƙarshen zango. Koci ya tashi ya fice ko kallona bai yi ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ajiye bas a bakin ƙofa, mudir ya tsaya a gefe da biro. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, ko iyalina ban iya gaya wa ba. Gola ya hau da mutanensa, Bashir ya hau, a hankali aka kai goma. Wasu kuwa suka wuce mu a motocinsu suna ɗago min hannu, ni ma ina ɗaga musu kamar ba wuyana suke yankawa ba. Can sai ga Jasim, ya ajiye motarsa, ya hawo, ya tsaya a kaina.

"Ammu Hamisu, ashe kai maƙaryaci ne," in ji shi, ammu wato baffa a Larabcinsu. Ya wuce ya zauna gefen Bashir.

Goma sha ɗaya ke nan, lokaci kuma ya cika. Mudir ya dubi agogo, ya dube ni. Sai Koci Munir, wanda tunda nake bai taɓa taka bas ɗina ba, ya kashe motarsa ya nufo mu. Mudir ya ce koci ba ɗan wasa ba ne. Koci ya ce 'yan ƙungiya aka ce, shi kuma bai san an cire shi daga ƙungiya ba.

"Tun makon farko na san dokarka ta ƙarya ce," ya ce min ƙasa-ƙasa. "Yalla, ina kujerata?"

Tunda ya tambaya, na zaunar da shi kusa da gola na biyu, wanda ya shekara a benci, na kuma bi doguwar hanya. Wasa na gaba da golan nan aka fara.

Abin da na koya shi ne, idan ƙungiya ta rushe, masu ofis koci suke canjawa su sayo kaya, domin su ake gani. Ba mai tambayar ina 'yan wasan suke zama tare idan ba ƙwallo a ƙafarsu. Mu direbobi mu muke riƙe da wannan minti arba'in ɗin, kada ku raina shi.

Mudir ya sabunta min kati, amma sai da ya sa na sa hannu a takarda cewa ba zan ƙara ƙirƙiro doka ba. Na sa hannun da zuciya ɗaya, don a lokacin kujera ake rasawa a bas ɗin.