Ganyen da ba a dafawa

Jiya Inna ta aike ni sayen ganyen shayi a sabon shagon da aka buɗe jikin katangar lekol, wato makarantarmu, a Birni. Mai shagon kyakkyawa ne, irin na littattafan soyayyar da nake karantawa, har na kasa ɗaga ido.

Ya ce, "Wane iri, ƙanwata? Na dafawa ko..."

Na ce, "Akwai wanda ba a dafawa ne?"

Ya nuna takardar magajin gari a bango. "Ina da izini."

Na karanta, izinin sayar da shayi ne. Amma samarin da ke zaune wurin babu mai riƙe da kofi, kuma Yayana ya fara yini cikinsu.

Ni dai wiwi nake zargi. Jama'a, in faɗa wa Baba?