Barcin da Na Riƙa Saya a Kantin Magani

Kafin sunana ya ɓaci, ni manomi ne ɗan manomi, a wani ƙauye da ke tsakanin Bici da Dawanau. Ba zan faɗi sunan garin ba, balle nawa, domin dangina sun sha kunya isasshiya a kaina. Da damina ina noman gero da dawa da wake a gonar da mahaifinmu ya bar mana, wadda ta yi iyaka da ta ƙanensa, Baffa. Da rani kuma in tafi kasuwar hatsi in yi dako. Ina da mata, Rabi, da 'yarmu ɗaya, ga mahaifiyata Inna muna gida ɗaya. Ko taba ba na sha. Barci kuwa, in na kwanta sai kiran assalatu. Rabi har tsiya take yi min, wai ko an naɗe ni da tabarmar an fita da ni ba zan sani ba.

Ku matasa nake so ku karanta wannan, musamman wanda dare ya fara yi masa tsawo bai gaya wa kowa ba.

Wata rana da yamma muka yi lodin masara a babbar mota, muka hau saman kaya ni da abokina Sani, za mu je mu sauke. Muna tsakiyar tafiya taya ta fashe, motar ta kife a gefen hanya. Ni ta yi jifa da ni cikin wata gona, ƙwarzane kawai na samu. Sani kuwa buhuna suka danne shi. Da hannuna na yi ta janye su har na kai gare shi, amma rai ya riga ya yi halinsa. Aka yi masa sutura, aka yi zaman makoki, kowa ya ce in gode wa Allah da na fita lafiya. Na kuwa gode.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace min. In na rufe ido sai in ji kamar an aza min buhu a ƙirji, in zabura zuciyata na bugawa, jikina sharkaf da gumi. Wani lokaci kuma ba mafarki ba komai, idona ne kawai ƙyam har zakara ya yi cara. Na ɗauka abin kwana biyu ne. Sati ya bi sati, aka shiga wata, aka fita. Inna ta karɓo min rubutu, ta sa aka yi min tofi, ta turara ɗakin. Addu'ar tana sanyaya min rai, ban raina ta ba, amma barcin bai dawo ba. Na rame, na zama mai saurin fushi. Kukan 'yata da a da yake sa in ɗauke ta, ya koma sa ni ficewa daga gidan.

Baffa ne ya fara gane abin ya wuce gajiya. Ya same ni a bakin gona zaune da fartanya a hannu, ban yi ko kunya ɗaya ba tun safe. Ya tambaye ni rabona da barci, na ce masa ni ma ban sani ba. Sai ya ce, "Ɗana, wannan ciwo ne. Ka shirya gobe in raka ka asibiti." Na ce masa asibiti na mai zazzaɓi ne da mai karaya. Abin da ban faɗa ba shi ne tsoron da nake ji. Na san in aka ji ba na barci kuma ina zabura, za a tura ni wajen likitan ƙwaƙwalwa, gari kuma ya ɗauka cewa na taɓu. Na gwammace in ci gaba da wahala da a kira ni mahaukaci. Baffa ya sake yi min maganar ba sau ɗaya ba, har na fara canza hanya in na hango shi.

Wani abokin dako ne ya kai ni wurin wani mai kemis a bayan kasuwa. Mutumin bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo min 'yan ƙananan ƙwayoyi a ƙulle a leda, ya ce in haɗiyi ɗaya bayan isha'i. A daren nan na yi barci kamar gawa. Da na farka har hawaye na yi don daɗi. Na ce a raina ashe maganin yana nan kusa, Baffa yake neman tona min asiri.

Ba a jima ba ɗaya ta daina yi min aiki, na ƙara. Da safe kuma jikina ya yi nauyi, ba na iya ɗaga buhu, sai mai kemis ya ba ni wata ƙwayar ta ƙarin ƙarfi. Na zama ina shan ta kwanciya da dare, ta tashi da safe. Abin da nake samu a dako ya daina isa gida. Nan ne na fara ɗan soka buhun wake in tsiyayi kaɗan a aljihun riga, ina gaya wa kaina ai mai kaya ba zai ji a jikinsa ba. Daga aljihu na koma leda, daga leda na koma tiya-tiya. Ranar da aka gan ni, shugaban 'yan dako bai kira hukuma ba saboda mutuncin mahaifina, amma ya ce kada a sake ganin ƙafata a layinsu.

Na dawo ƙauye ba sana'a, ga jiki yana neman ƙwaya. Na sayar da akuyar Rabi na ce ɓata ta yi, har na taya ta nema gida-gida. Bayan nan na yi abin da har yau ba na iya tuna shi ina cin abinci. Ana dab da faɗuwar damina na buɗe rumbun Baffa, na kwashe irin gero da na wake da ya ware tun kaka, na kai kasuwa. Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, Baffa yana yawon roƙon iri a wurin sa'o'in 'ya'yansa. Ya san ni ne. Bai kai ƙara ba, bai gaya wa Inna ba. Mun haɗu a hanyar masallaci, ya tsaya ya dube ni ya ce, "Da hatsin ci ka ɗiba, da ban ce komai ba. Amma iri, ɗana?" Ya wuce. A shekarar gonarsa ta yi latti, abin da ya girbe bai kai shi rani ba.

Wanda ya iya yi wa ƙanen ubansa haka, me zai hana shi yi wa bare? Na shiga cikin wasu da ke fasa ɗakunan ajiya a ƙauyukan kusa. Su suka ga amfanina, tunda ni ba na barci kuma na san darajar kaya. 'Yan sintiri suka kama ni da buhun riɗin wani bawan Allah a kafaɗa, sauran suka tsere. Na sha duka, aka miƙa ni ga 'yan sanda, alƙali ya yanke min hukunci. Inna ta zo kotu. Ba ta yi kuka ba, ta dai ja mayafi ta rufe fuskarta har aka fita da ni.

Kwanakin farko a gidan yari su ne mafi muni a rayuwata. Ba ƙwaya, ba barci. Jikina yana ɓari, ina ganin abubuwan da babu su, ina kiran sunan Sani. Abokan ɗakina suka gaji suka kai kuka, wani gandiroba ya kai ni ɗakin shan magani. Ma'aikacin lafiyar da ke wurin, wani dattijo mai sanyin magana, ya zaunar da ni. Na zaci zai yi min wa'azi a kan shaye-shaye. Sai ya ce, "Kafin ƙwayar, me ya hana ka barci?" Na ba shi labarin motar, karo na farko da na ba wani shi daga farko har ƙarshe. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izar.

Shi ya sa ni cikin waɗanda likita zai gani in ya zo zagaye. Likitan ya ce abin da ya same ni sananne ne ga wanda ya ga tashin hankali da idonsa, ba hauka ba ne, kuma yana da magani. Ya ce ƙwayar da na riƙa sha tana kama jiki, yanke ta farat ɗaya ma yana iya yin kisa, don haka aka mayar da ni kan 'yar kaɗan, a hankali aka raba ni da ita. Ya ɗora ni a kan wani magani, ya riƙa zama da ni muna magana. Na tambaye shi, da na zo tun farko fa? Ya ce da abin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.  Na koma ɗaki ina tunanin likitan da na guje wa don kada a yi min suna, ga shi na same shi bayan an yi min sunan da ya fi wancan muni.

Da wa'adina ya cika na fito. Baffa ya rasu ina ciki, ban samu na durƙusa a gabansa ba. Na je wurin 'ya'yansa na nemi gafara, babban ya ce mahaifinsu ya yafe min tun kafin ya kwanta ciwo, su ma sun bi bayansa. Rabi ta nemi saki tun ina tsare, ban ga laifinta ba. Tana aure a Ungogo, 'yarmu tana wurinta. In na je dubo ta sai ta gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Na tuba ga Allah, na koma gona, ni da Inna muke zaune. Mutanen gari suna amsa sallamata, amma in na shiga masallaci ina lura da masu komawa su ɗauko takalmansu daga bakin ƙofa. Ba na jin haushinsu. Ni na koya musu.

Har yanzu ina zuwa asibiti ganin likita, kuma barcina bai koma kamar da ba. Wani daren in samu, wani daren kaɗan. Na gaji, gajiyar da ba ta noma ba ce.

Kai saurayi, ke budurwa, kowa yakan kwana biyu bai runtsa ba saboda zafi ko tunani, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in makonni suka yi ta wucewa barci bai dawo ba, in ya fara hana ka aiki ko ya sa kana faɗa da mutanen gida, in kana zabura da mafarkin abin da ya taɓa faruwa da kai, to ciwo ne, kuma na asibiti ne. In har sai ka haɗiyi wani abu kafin ka runtsa, ka riga ka makara da 'yan kwanaki, kada ka ƙara. In kuwa zuciyarka ta fara raya maka gara mutuwa, kada ka bari rana ta faɗi ba ka gaya wa wani ba. Ka yi addu'arka, ka kuma tafi. Kada ka karɓi magani daga hannun wanda bai tambaye ka damuwarka ba.

Za a iya yin magana a kanka in an gan ka a layin likita, na sani. Maganar ba ta wuce kwana biyu. Ni tawa shekaru ake yi, kuma 'yata ce za ta gaje ta.