Issaka Mai Agogo da Takardar da Ban Miƙa Ba

Duk wanda ya saba bin titin Nima zuwa Mamobi ya san teburin Issaka mai gyaran agogo, ko da bai san sunansa ba: ɗan akwatin gilashi, tsohuwar lema, da wani siririn mutum da ya maƙala madubi a ido ɗaya ya sunkuya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ne Ukasha, kuma gara in faɗa muku tun yanzu: shekara ashirin na yi ina kishinsa a kan wani tsohon Kirista.

Mahaifinmu Garuba daga Nijar ya zo fataucin goro, Zongo, unguwar baƙi Musulmi, ta riƙe shi bai koma ba. Issaka bai wuce allo ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka kai shi koyon gyaran agogo a Kasuwar Malam Atta, ya koya, ya buɗe nasa teburin, ya auri Zuera, suka haifi uku. Da wayar hannu ta zo ta kashe sana'ar, sai ya koma canjin batir da maɗauri, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ga shi da nauyin baki. Ka yi masa tambaya, kafin ya amsa shayinka ya huce.

Ni kuwa aka sa ni makarantar Arabiyya, aka sa ni boko. Ina koyarwa, ranar Lahadi kuma ina fita da lasifika ina wa'azin kwatanta addinai. Na haddace ayoyin littafin Kiristoci fiye da wasu fastocinsu, wannan ba cika baki ba ne, ku tambaya. In aka ce mai ilimin gidan Garuba, ni ake nufi.

To, sai ga Ticha Atinga. Mutumin garin Bolga ne can arewa, tsohon malamin makaranta, yana koyar da addini a wata coci a unguwar Kotobabi. A zongo ya tashi, don haka Hausa a bakinsa take. Wata Alhamis bayan la'asar ya kawo agogonsa gyara. Issaka ya buɗe bayansa, shi kuma ya leƙa yana kallon ƙananan ƙarafan suna motsi.

Ya ce, "Mai agogo, in ka tsinci wannan a babbar kwatar Nima, za ka ce shi ya ƙera kansa?"

Issaka ya ce, "A'a."

"To, duniya fa?"

"Ai nan ba mu da faɗa, Ticha. Akwai mai ita."

"Madalla. To in agogo ya yi ƙarya, laifin wa? Nasa ko na maƙerinsa? Tunda Allah ya san abin da zan aikata gobe tun kafin a haife ni, ina zaɓina yake, kuma a kan me zai hukunta ni?"

Issaka ya cire madubin daga ido, sannan ya ce, "Ban sani ba. Ba ni mako guda."

Da labarin ya iso ni, raina ya ɓaci. Ban sani ba! A gaban Kirista, kuma a bakin titi! Alhamis ta gaba na je da littattafai uku a hammata. Na zauna na warware wa Ticha matakan ƙaddara ɗaya bayan ɗaya, na kawo aya, na kawo maganganun malamai, na juya na kama shi da nasa littafin. Mutane suka taru, har mai sayar da koko ta bar tukunyarta ta matso. Na yi kusan awa guda ban yi tuntuɓe ba.

Ticha ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Malam Ukasha, ka yi karatu, Allah ya ƙara." Sai ya juya kujerarsa. "Mai agogo, kai fa? Mako ya cika."

Issaka ya ce, "Na yi tunani. Ni dai na san yau Zuera za ta cika barkono a miya, tun safe na sani. Amma ba sanina ne zai zuba shi ba, hannunta ne. Sannan kuma, in agogo ya yi ƙarya ba na fushi da shi, gyara shi nake yi. In ɗana Jalilu ya yi ƙarya kuwa, ina fushi. Ke nan su biyun ba ɗaya ba ne. Yadda Allah ya yi ya raba su, wannan ban sani ba."

Wallahi barkono! Amma sai Ticha ya zaro wani ɗan littafi mai baƙin bango daga aljihu ya rubuta. Ni da na yi awa guda, ko murfin alƙalami bai cire mini ba.

Daga nan Alhamis ta zama tasu. Ticha ya zo da 'yar kujerarsa ta ninkewa, su sayi shayi, su fara. Ticha ya ce Allah ya ba mutum zaɓi ne don ƙaunar dole ba ƙauna ba ce, mugunta kuma daga zaɓin nan ta shigo duniya, shi ya sa a imaninsu Allah ya sauko da kansa ya ɗauki nauyinta. Issaka ya ce, "Nan kam mun rabu, Ticha," ya ci gaba da ɗaure sukurin bayan agogo. Wata rana Ticha ya ce imani kamar shiga trotro ne, motar haya, ba wanda ke duba lasin direba kafin ya zauna. Issaka ya ce, "Amma ni ina duba tayoyi." Ticha ya yi dariya har da tari, ya ce ai shi ma abin da yake nufi ke nan, imani ba rufe ido ba ne. Wannan ma ya shiga baƙin littafin.

Ba wanda ya ja wani zuwa addininsa. Issaka na tashi ya yi magariba, Ticha ya ninke kujera ya nufi Kotobabi. Ni kuwa nakan biya ta wurin kamar hanya ce ta kawo ni, in jefa magana mai nauyi, a ce mini madalla, a koma kan mai agogo. Na sha gaya wa mutane cewa tsoro nake ji kada a ɓatar da yayana. Ƙarya nake yi. So nake a juyo da kujerar nan wajena ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne shekarar da Nadia, 'yar Issaka, ta rasu. Shekararta goma sha tara, zazzaɓin kwana uku. Ticha ya zo zaman makoki, ya cire takalmi, ya zauna a ƙarshen tabarma. Ni na yi wa jama'a nasiha a kan haƙuri, kowa ya yaba. Rana ta uku da hantsi, mutane sun ragu, ina tsaye da buta a hannu, sai na ji yayana ya ce a hankali, "Ticha, me ya sa?"

Ticha ya ce, "Ina da amsa uku a littafi. Babu wadda zan faɗa maka yau ban ji kunya ba."

Sai Issaka ya fashe da kuka. A gabana bai taɓa yi ba. Ni ƙaninsa ne, ni ne malami, taku uku ne tsakaninmu, amma da tambayar ta taso masa ba ni ya juyo wa ba. Na shiga bayan gida na daɗe ban fito ba.

Bara Ticha ya rasu. Da labari ya zo da safe, Issaka ya rufe akwatinsa ya tari mota a guje, kada a binne bai samu ba, don mu in mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an gama. Ya isa Kotobabi yana haki, ya tarar ana jera kujeru kawai. 'Yar marigayin, Apoka, ta ce masa, "Baba, sai nan da mako bakwai." Ta kuma gaya masa al'adarsu: ana buga ɗan littafi na jana'iza, da hoton mamaci da tarihinsa da kalaman 'yan uwa da aminai, a raba wa jama'a, a karanta wasu a bainar taro. Mahaifinta ya bar wasiyya cewa a saka kalaman abokinsa Musulmi. Da Turanci ake bugawa.

Issaka ba ya rubutun boko, don haka ya zo wurina. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Ukasha, taimake ni." Ya faɗa da Hausa, ina mayarwa Turanci. Ga abin da ya ce, ban manta ko kalma ba: "Ticha Atinga abokina ne. Shekara ashirin yana yi mini tambaya, bai taɓa yi mini dariya ba in na ce ban sani ba. Bai bar addininsa ba, ban bar nawa ba. Ranar da 'yata ta rasu bai ba ni amsa ba, ya zauna da ni. Agogonsa yana wurina, na gyara, yana tafiya."

Na ce, "Shi ke nan, Yaya?"

Ya ce, "Shi ke nan."

Bayan ya tafi na yi ta kallon 'yan layukan nan. Za a buga su, da sunan Issaka a ƙasa, a raba wa mutum ɗaruruwa, fastoci da malaman makaranta. Sai na ɗauko wata takarda na rubuta nawa, shafi ɗaya da rabi, Turanci mai kyau, yadda na yi shekara ashirin ina fafatawa da marigayi a kan ƙaddara da zaɓi. Na sa hannu, Malam Ukasha Garuba.

Ranar kaiwa na sa takardar Issaka a aljihun dama, tawa a na hagu. Tun daga Nima har Kotobabi ina cewa ta dama zan bayar. Apoka ta miƙo hannu, na tsaya, ina sane, hankalina ɗaya, na zaro ta hagu. Na ce mata yayana ya ce in tsaya a madadinsa. Ta ɗan dube ni, ta karɓa ta yi godiya.

Ranar jana'iza muka zauna a rumfar da aka kafa a harabar coci, Issaka cikin farar rigarsa ta Juma'a. Aka raba littafin. Ba ya karatu, amma ya san siffar sunansa, don an rubuta masa shi a jikin akwatinsa tun da daɗewa. Ina kallonsa yana bin shafi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya kai ƙarshe, ya dawo farko ya sake. Ana cikin haka aka kira a lasifika, "Malam Ukasha Garuba." Na tashi na karanta. Muryata ba ta yi rawa ba, na saba da lasifika. Aka yi tafi, wani fasto ya riƙe hannuna ya ce bai san Ticha yana da abokin muhawara irina ba. Abin da na yi shekara ashirin ina nema ke nan, amma na kasa duban inda yayana yake zaune.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Apoka ta ratso jama'a ta wuce ni, ta durƙusa a gaban Issaka. Ta miƙa masa baƙin littafin nan. Ta ce, "Baba, mahaifina ya ce a ba mai agogo. Rabinsa duk maganarka ce." Issaka ya karɓa da hannu biyu, ya ciro agogon Ticha daga aljihu ya ba ta. Bai ce mata komai a kan takardar ba.

A ƙafa muka dawo. Da muka wuce Kasuwar Malam Atta sai na kasa daurewa. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Haka Allah ya ƙaddara."

Ya tsaya a gefen titi. Na zaci mako guda zai nema kamar yadda ya saba, amma wannan karon bai nema ba.

Ya ce, "Allah ya san za ka yi, tun kafin a haife mu. Amma ni ba na fushi da agogo, Ukasha. Da kai nake fushi."

Littattafaina uku suna gida, kuma na san ko suna hannuna ba abin da zan buɗo.

Har yau muna gaisawa, da Babbar Sallah ma ya aiko mini da cinyar rago. Amma bai sake kawo mini takarda in karanta masa ba. Yanzu duk Alhamis bayan la'asar Jalilu ne ke tasowa daga wurin aiki, ya zauna a gefen teburin, ya buɗe baƙin littafin yana karanta wa ubansa shafi ɗaya. Nakan biya ta wurin kamar hanya ce ta kawo ni. Da sun hango ni, Jalilu ya rufe littafin, su amsa sallamata da fara'a, su jira in wuce. Ban san ko sunana yana ciki ba, ko sau ɗaya, kuma ba ni da bakin tambaya. Takardar Issaka kuwa tana nan a aljihun dama na rigar da na kai saƙon da ita, ban sake sa rigar ba.